Nijar na neman tukunyar nukiliya, amma ina masu doktorar fizik za su yi aiki?

A ƙarshen watan Satumban 2025, a wani babban taron makamashin nukiliya da aka yi a birnin Mosko, ministan ma'adinai Ousmane Abarchi ya bayyana cewa Nijar na son gina tukwanen nukiliya guda biyu masu ƙarfin megawat 2,000, tare da kamfanin Rosatom na Rasha. Watanni uku kafin nan, ranar 19 ga watan Yuni, majalisar ministoci ta sanar da mayar da kamfanin Somaïr na Arlit hannun gwamnati, bayan sama da shekaru 50 ragamarsa na hannun Faransawa. Tun daga lokacin ake ta muhawara a gidajen rediyo da fadodin unguwa kan ko abin zai yiwu, da kuma inda kuɗin za su fito. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce ta mutane: su wa za su riƙe ilimin da irin wannan aiki ke buƙata, kuma a wane gida za su zauna su yi shi?

Masu ilimin dai ba a rasa su ba. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai tana da sashen fizik, tana da cibiyar IRI mai aiki da sinadarai masu tururin nukiliya, kuma akwai ƴan ƙasa da suka yi digirin digirgir, wanda muka fi kira doktora, a Faransa da Maroko da Aljeriya da Senegal da Sin. Bayan jarrabawar Bak, mutum zai yi shekara uku a lisans, biyu a mastar, sannan aƙalla uku a doktora. Shekara takwas ke nan a kan takarda, amma idan aka haɗa da yajin aiki da shekarun karatu da ke hawa kan juna, da yawa sai sun haura goma. Abin da ke jiran mai wannan takarda a ƙarshe kuwa kusan abu guda ne, allo da alli. Ko gwamnati ta ɗauke shi malamin jami'a, ko ya yi ta koyarwar sa'o'i yana jiran a buɗe gurbi, ko ya zagaya makarantun kuɗi yana shirya yara wa jarrabawa, ko kuma ya ɗauki jakarsa ya bar ƙasar.

Buɗe jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa a 2010, sannan na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi a 2014, ya ɗan buɗe ƙofa, don kowace ta buƙaci malamai. Sai dai lissafin ba ya canzawa. Farfesa guda zai iya yaye masu doktora goma ko fiye a tsawon aikinsa, amma ranar da zai yi ritaya kujera ɗaya tak zai bari. Ko a ƙasashe masu arziki haka abin yake. A Amurka, inda ake yaye masu doktorar fizik kusan 2,000 a shekara, mafi yawan waɗanda ke samun aikin dindindin da zarar sun gama, kamfanoni ne ke ɗaukarsu. Bambancin shi ne can akwai inda sauran taran za su nufa.

Me kamfani ke saye a wurin mai doktora?

Da wuya kamfani ya damu da taken kundin binciken mutum. Wanda ya shafe shekara huɗu yana nazarin yadda haske ke ratsa wani siririn ƙarfe, ba lallai ba ne a sake tambayarsa wannan ƙarfen har ya bar duniya. Abin da ake biya shi ne halin da karatun ya gina masa. Ya saba auna abu, sannan ya faɗi iyakar kuskuren da ke cikin awon. Ya saba a ba shi matsalar da babu amsarta a bayan littafi. Ya iya mayar da na'ura ko rijiya ko layin wuta zuwa lissafi, ya rubuta wa kwamfuta, ya gwada kafin a kashe kuɗi. Kuma idan sakamako ya fito da kyau fiye da kima, shi ne na farko da zai yi zargin na'urar awon. Wannan hali na ƙarshe ba ƙaramin kuɗi yake ceto wa masana'anta ba.

Tarihin masana'antu cike yake da irin waɗannan mutane. Conrad Schlumberger malamin fizik ne a makarantar ma'adinai ta Paris. A 1912 ya fara gwada tura wutar lantarki cikin ƙasa yana auna yadda take wucewa, don ya gane abin da ke kwance a ƙarƙashi ba tare da an haƙa ba. Shi da ƙanensa Marcel suka kafa kamfani a 1926, kuma a 1927 aka yi awon farko da wannan dabara a cikin rijiyar mai a Pechelbronn, gabashin Faransa. Kamfanin da ke ɗauke da sunansu ya zama ɗaya daga cikin mafi girma a duniya wajen yi wa masu haƙar mai hidima. Mai karatu da ya taɓa ganin masu neman ruwa suna kafa ƙarafa a ƙasa suna jan waya kafin a haƙa foraj, to jikar waccan dabara ya gani.

Farantin sola ma, wanda yau ake sayarwa a kowace kasuwa daga Konni zuwa Gure, a ɗakin binciken kamfanin tarho aka haife shi. A 1954 ne masu bincike uku na Bell Labs a Amurka, Daryl Chapin da Calvin Fuller da Gerald Pearson, suka nuna farantin silikon na farko mai amfani, wanda ke mayar da kusan kashi 6 cikin 100 na hasken rana zuwa wuta. Abin da ya sa kamfanin ya shiga binciken ba wani babban buri ba ne: yana neman abin da zai ba layukan tarho wuta a wurare masu nisa da zafi, inda batir ke saurin lalacewa.

Sai dai wanda ya tsallaka daga jami'a zuwa kamfani akwai abin da yake bari a baya, kuma ya kamata matasanmu su san shi tun kafin su yi sha'awar albashin. A jami'a kai ne ke zaɓen tambayarka, ko kai da malaminka. A kamfani kasuwa ce ke zaɓa, kuma ana iya rufe aikin da ka ba shekara biyu a zama guda, ba don ya gaza ba, don kawai lissafin riba ya juya. A jami'a ana son amsa cikakkiya ko da za ta ɗauki shekaru. A kamfani amsa mai kusan daidai a wannan wata ta fi cikakkiya a baɗi. Wanda ya saba rubuta shafi 200 dole ya koyi faɗin abin a shafi biyu ga darektan da bai san fizik ba, ba ya kuma da niyyar sani.

Babban abin da ke raba gidajen biyu shi ne sirri. Malamin jami'a da wallafa bincike yake rayuwa. A ƙasashenmu, hukumar CAMES, wadda aka kafa a nan Yamai a 1968 kuma take da mazauni a Wagadugu, ita ce ke duba takardun malami kafin ya hau mataki, kuma abin da ya wallafa a mujallun kimiyya da ɗaliban da ya yaye su ne jarinsa. Kamfani kuwa ba ya son a bayyana sabon abu kafin ya yi rajistar mallakarsa, domin a dokar ƙirƙira, abin da aka riga aka bayyana wa duniya ya daina zama sabo. A yankinmu hukumar OAPI da ke Yawunde ce ke ba da wannan takarda, mai aiki a ƙasashe 17 har da Nijar. Wani binciken ma ba a rajistarsa sam, ɓoye shi ake yi. Saboda haka mai doktorar da ya yi shekara biyar a masana'anta yana iya waiwayowa jami'a ya tarar ba shi da abin nunawa, alhali ya yi aikin da ya fi na takwarorinsa amfani. Ƙofar ta fi sauƙin fita da shiga.

Gadon da muka ɗauko daga Faransa

Akwai wani abu da muka gada tare da tsarin lakwal, wanda ba a cika lura da shi ba. A Jamus ko Amurka, kamfani na ganin doktora a matsayin babbar shaida. A Faransa ba haka tarihi ya tafi ba. Can manyan makarantun injiniyoyi ne ke yaye shugabannin masana'antu, su kuma idan za su ɗauki ma'aikaci sai su nemi ɗan makarantarsu. Har yau fiye da rabin masu bincike a kamfanonin Faransa injiniyoyi ne, masu doktora kuwa ƴan tsiraru. Wannan kallo ya biyo mu gida. Duba sanarwar neman ma'aikata ta manyan kamfanoninmu: injiniya ake nema, Bak da shekara biyar. Mai doktora idan ya kai takardunsa sai a ɗauke shi malamin da ya ɓata hanya, ko a ji tsoron zai nemi albashin da ya wuce tsarin gidan.

Faransawan da kansu sun gane illar abin, suka nemi magani. A 1981 suka ƙirƙiro tsarin da ake kira CIFRE. Kamfani ne ke ɗaukar ɗalibin doktora aiki da kwantaragi na shekara uku, ya ba shi matsalar da ta dami kamfanin a matsayin taken bincike. Wani ɗakin bincike na jami'a ya kula da ingancin aikin, ɗalibin yana raba lokacinsa tsakanin gidajen biyu. Gwamnati kuma, ta hannun ƙungiyar ANRT, tana ba kamfanin yuro 14,000 a shekara, wato sefa miliyan 9 da ɗoriya. Sama da ɗalibai 1,500 ne ke shiga tsarin kowace shekara. Amfaninsa a bayyane yake: ranar da ɗalibin ya kare kundinsa, yana da doktora, yana kuma da shekara uku na sanin aikin masana'anta, kamfanin ma ya riga ya san ko mutumin nasa ne.

Sun kuma ƙara da wani sassaucin haraji. Kamfanin da ya ɗauki sabon mai doktora aikin dindindin, ana ninka albashinsa sau biyu a lissafin rangwamen harajin bincike har tsawon watanni 24. To wannan sassaucin dokar kasafin kuɗin Faransa ta watan Fabrairun 2025 ta soke shi, saboda gwamnati na neman inda za ta rage kashe kuɗi. Ƙananan kamfanonin fasaha, waɗanda su ne suka fi cin moriyarsa, sun yi ta kuka. Ga ɗan Nijar kuwa, hanyar ta riga ta ƙuntata tun kafin nan: an dakatar da ba da biza a Yamai bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ofishin jakadancin Faransa kuma ya rufe a watan Janairun 2024. Wanda a da yake lissafin ya gama mastar a gida, ya yi doktora a Grenoble ko Tulus, ya samu aiki a can, yanzu sai ya sake lissafi.

Inda aka haƙa, da inda aka yi tunani

Masu binciken ma'adinai na Faransa ne suka gano yuraniyom a Azelik a 1957. An kafa Somaïr a 1968, ya fara fitar da ma'adini a 1971. Cominak ya biyo baya, ya fara a 1978, ya rufe a ƙarshen Maris ɗin 2021. A duk tsawon wannan lokaci, abin da ke barin Arlit shi ne garin yuraniyom da aka tace daga dutse aka zuba a ganguna. Yuraniyom na asali kashi 0.7 cikin 100 kawai yake ɗauke da shi na nau'in da ke ba da wuta, yawancin tukwanen nukiliya kuwa suna buƙatar kashi 3 zuwa 5. Sarrafa shi da inganta shi har ya kai haka a Malvési da Tricastin ake yi, a kudancin Faransa. Manyan ɗakunan bincike su ma can suke.

Ba a ce ƴan Nijar ba su koyi komai a Arlit ba. Mafi yawan ma'aikatan kamfanonin biyu ƴan ƙasa ne, har da injiniyoyi da shugabanni, makarantar EMIG ta Yamai kuma ta yaye da yawansu. Sun iya haƙa, sun iya tacewa, sun iya tafiyar da masana'anta. Amma tafiyar da masana'anta daban, sashen bincike daban. Idan dutsen da ake haƙowa ya canza hali, yuraniyom ɗin cikinsa ya ragu, ko sinadarin da ake jiƙa shi ya yi tsada, wani ne zai zauna ya gwada sabuwar hanya. A da uwar kamfani ke yin wannan daga nesa. Yanzu da aka raba gari da Orano, wanda a da yake riƙe da kashi 63.4 cikin 100 na Somaïr, ko dai a gina wannan sashe a gida, ko a saye shi daga sabon abokin hulɗa a kan farashin da shi zai yanka.

Haka zancen yake a fannin mai. Matatar Soraz ta Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana, tana aiki tun 2011, kashi 60 cikin 100 na hannun kamfanin CNPC na Sin. A watan Maris ɗin 2025 gwamnati ta sallami wasu manyan jami'an Sin uku na kamfanonin mai, kuma daga cikin dalilan da aka bayar har da tazarar albashi tsakanin baƙi da ƴan ƙasa. Ƙorafin na da tushe. Amma ko da an daidaita albashi gobe, an kuma ba ƴan ƙasa dukan kujeru, wanda ke fassara bayanan ƙarƙashin ƙasar Agadem shi ne ya san yawan man da ya rage da kuma inda yake. Wannan aikin masu fizik ne da masana duwatsu, kuma ƙasar da ba ta da nata sai dai ta karɓi abin da aka gaya mata.

Ɗan Tasawa da ya riga kowa

Abin mamaki shi ne Nijar ta taɓa gwada wannan hanya tun kafin ƙasashe da dama su yi tunaninta. Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, an haife shi a Tasawa a 1929. A 1956 ya ci jarrabawar agregasiyo a fannin fizik a Faransa, ya yi horo kan makamashin rana a Tarayyar Sobiyet, ya jagoranci ɗakin binciken hasken rana a Bamako daga 1964, ya kuma kare babbar doktorarsa a Paris a 1967. Mutum mai irin waɗannan takardu a wancan zamani, da ya so zama a Turai da ya zauna. A 1969 ya dawo gida ya karɓi ragamar ONERSOL, ofishin makamashin rana na ƙasa, ya riƙe shi har 1985.

Abin da ya bambanta ONERSOL shi ne bai tsaya a rubuta takardu ba. Yana da ɓangaren bincike, yana kuma da ɓangaren ƙira, inda ake haɗa na'urorin dumama ruwa da na tace ruwa da murhun dafa abinci masu aiki da rana, a sayar. Tare da kamfanin Spilling na Jamus, Abdou Moumouni ya yi aiki kan wani inji mai juyawa da zafin rana, wanda aka sa wa sunan ofishin. Ga mai doktorar fizik ke nan yana binciken masana'anta, a Yamai, shekaru kusan 50 da suka wuce, yana kuma koyarwa a jami'ar da ya shugabanta daga 1979.

Me ya hana abin ɗorewa? A ganina dalilan ba na kimiyya ba ne. Farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, baitulmali ya bushe, tsare-tsaren tsuke bakin aljihu suka shigo, kuma bincike na cikin abubuwan da ake fara yankewa saboda ba ya da masu fita zanga-zanga dominsa. Man fetur ya yi arha a tsakiyar shekarun, duniya ta juya wa rana baya na ɗan lokaci. Ga kuma kasuwar gida ƙarama: iyali nawa ne a lokacin za su iya sayen na'urar dumama ruwa? Ofishin ya rayu, ya canza suna zuwa CNES sannan ANERSOL, amma bai zama masana'antar da aka yi fata ba. Lokacin da rana ta dawo kasuwa da ƙarfi, daga Sin farantan suka zo. Darasin da ke ciki mai ɗaci ne: bincike da ya dogara ga mutum ɗaya da kasafin gwamnati kaɗai, ba tare da kamfanin da ke jin zafin matsalar a aljihunsa ba, yana tafiya ne da ƙafa ɗaya.

Aikin da ke jira tun yanzu

Ba sai an jira tukunyar nukiliya ba kafin mai doktorar fizik ya samu abin yi. Lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu a watan Agustan 2023, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da Nigelec ke rarrabawa, kowa ya ga darajar tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30, da ta Malbaza mai megawat 7. To amma ƙarfin da ake rubutawa a jikin faranti, a zafin digiri 25 aka auna shi. Farantin silikon na rasa kusan kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa a kan kowane digiri da ya ƙaru, kuma a watan Afrilu jikinsa na iya kai wa digiri 65. Asarar kashi 16 cikin 100 ke nan kafin a yi zancen ƙurar hunturu. Sau nawa ya kamata a wanke faranti a Malbaza, da ruwa nawa, kuma yaushe kuɗin wankin ke wuce kuɗin wutar da aka ceto? Wane irin faranti ne ya fi jure yanayinmu bayan shekara biyar? Amsoshin ba sa cikin takardar mai sayarwa, sai an auna a nan.

Batir ma haka. Irin na dalma da aka fi saye, rayuwarsa na raguwa da kusan rabi duk lokacin da zafin wurin ya ƙaru da digiri 10. Duk mai shago a Maraɗi da ya sayi batir aka ce masa zai yi shekara biyar ya mutu a ta biyu, ya san zancen a aljihunsa, ko da bai san dalilin ba. Ɗakin gwaji guda da zai riƙa auna kayan sola da ke shigowa ƙasa, ya bayyana na gaske da na jabu, zai ceto wa talakawa kuɗin da ya fi abin da aka kashe a kansa. Maroko ta yi irin wannan a Benguerir, inda kamfanin fosfat na OCP ya gina jami'ar Mohammed VI, aka kuma kafa filin gwada kayan sola a yanayin ƙasar. A lura da wanda ya sa kuɗin: kamfanin ma'adinai ne.

Sai ruwa. Birnin Damagaram na zaune a kan dutse mai tauri, shi ya sa ake jawo masa ruwa daga Gogo da Macaya da Arunguza, kuma foraj da aka haƙa a makance a irin wannan ƙasa sau da yawa busasshe yake fitowa. Sai lafiya: tun 2021 cibiyar yaƙi da cutar daji ta Yamai ta fara gasa ƙari da haske, kuma irin wannan na'ura ba ta aiki lafiya sai da masanin fizik da ke auna adadin da ke shiga jikin majiyyaci.

Mafi nauyi duka shi ne Arlit. Ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa ta ƙiyasta tarin dusar ma'adini mai tururi da Cominak ya bari da kusan tan miliyan 20. Auna abin da ke shiga iska da ruwan rijiyoyi aiki ne na shekaru masu yawa. A nan ne kuma tambayar ƴancin mai bincike ke tasowa da gaske. A da idan awon kamfani ya ce lafiya lau, ana iya cewa baƙo ne ke kare kansa. Yanzu mai haƙar gwamnati ce, hukumar ARSN mai sa ido ita ma ta gwamnati ce. Matashin da Somaïr zai ɗauka ya auna ruwan Arlit, idan ya ga adadin da bai yi wa shugabanninsa daɗi ba, wa zai kare shi idan ya rubuta gaskiya? Kafin a ɗauki irin waɗannan ma'aikata ya kamata doka ta raba abu biyu: sirrin sana'a, wanda kamfani ke da haƙƙin ɓoyewa, da awon da ya shafi lafiyar jama'a, wanda dole a bayyana, jami'a kuma ta samu damar sake aunawa da kanta.

Game da tukwanen nukiliyar kuwa, hukumar makamashin nukiliya ta duniya na ƙiyasta shekara 10 zuwa 15 ga ƙasar da ke shirin gina tasharta ta farko. Akwai kuma ƙa'idar da masana wuta suka sani, cewa bai kamata tukunya guda ta wuce kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfin layin da za ta shiga ba, domin ranar da ta tsaya kada ƙasa duka ta faɗa duhu. Buƙatar Nijar gaba ɗaya ba ta kai megawat 1,000 ba, don haka irin wannan tasha sai dai idan da maƙwabta za a yi ta. Masar ta sa hannu da Rasha kan tashar El Dabaa a 2015, ba a zuba kankaren farko ba sai 2022, alhali tana da ƙaramar tukunyar bincike tun 1961. Nan kusa da mu, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na tafiyar da ƙaramar tukunyar bincike mai kilowat 30 da ɗoriya tun 2004, inda ake gwada ƙasa da ma'adinai ana kuma horar da ɗalibai. Daga Maraɗi zuwa Zariya tafiyar yini ɗaya ce a mota, kuma yarjejeniya tsakanin jami'o'i ba ta buƙatar jiran ƴan siyasa su gama shiryawa.

Ƙasashen Afirka sun yi alkawarin ware kashi 1 cikin 100 na arzikinsu ga bincike tun a shirin Legas na 1980, suka sake nanata shi a Khartum a 2006. Ba na jin jiran cikar wannan alkawari zai kai mu ko'ina. Abin da ke hannu ya fi wannan ƙanƙanta. Nigelec da Sonidep da Sonichar da Somaïr duk gwamnati ke da iko da su, Soraz da kamfanonin waya da na siminti kuma ana iya sa musu sharaɗi a yarjejeniya. Kowannensu ya kawo matsalolinsa na gaske, jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram da Agadas su mayar da su taken doktora, ɗalibi ya karɓi albashi daga kamfani, ANAB mai kula da tallafin karatu ta ɗauki wani kaso. Ko da adadin Faransa aka ɗauka ba ragi, ɗalibai 20 na tsawon shekara uku ba za su wuce sefa miliyan 551 ba. Sai kuma a rubuta matsayin mai doktora a tsarin albashin waɗannan kamfanoni, a kuma amince malamin jami'a ya je masana'anta na shekara biyu ko uku ya dawo kujerarsa ba tare da ya rasa matakinsa ba. Ministocin ilimi mai zurfi da na makamashi da na ma'adinai da na mai ne za su sa hannu, kuma a Somaïr yanzu babu wani abokin tarayya na waje da za a nemi izininsa.